Yadda Gyaran Mota Ya Kusa Cin Gonarmu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Takarda ta fito daga hannun mahaifinka Isiyaka, wanda mutanen Madarumfa suka ƙi daina kira Mai Jakuna ko da yake na daɗe da rabuwa da jaki, zuwa ga ɗana Rabe. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya kai ka Damagaram lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na baki, ya haɗa ka da maƙwabta nagari.

Na rubuta ne don na san halina. In na zaunar da kai na ce zan yi maka nasiha, ba za mu kai rabi ba sai na kama faɗa a kan wani abu dabam, kai kuma ka sunkuyar da kai kana jira in gama. Ka sa takardar nan cikin akwatin kayan aikinka. Ranar da ka kafa rumfarka ta gyaran mota, ka nemi inuwa ka karanta. In ka ga ajamina ya karkace ka yi haƙuri, hannun da ya saba da igiya ne.

Shekara biyar ka yi a Maraɗi kana koyon aiki a hannun Kafaran Idi. Ka ga yadda nake shiga garajinsa kamar gidana, ka ga yadda yake zuwa cin tuwon salla a wurinmu. Abin da ba ka sani ba shi ne, akwai ranar da na kira mutumin nan ɓarawo a gaban jama'a, kuma a shekarar saura ƙiris gonarmu ta Bakin Tabki ta bar hannunmu. Lokacin kana Safo wajen kawunnanka. Shi bai gaya maka ba don yana da mutunci, ni ban gaya maka ba don ina jin kunya. Yanzu da za ka zama mai yanka wa mutane kuɗin gyara, dole ka ji.

Ka san yadda na sami motar. Na sayar da jakunana goma sha huɗu da shanun da na tara, na karɓi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya ta soja, daga hannun wani ɗan kasuwa a Maraɗi, na ɗauki direba. Shekarar farko ta yi mini kirki, ta yi ta jigilar gyaɗa zuwa Kano, amma duk abin da ta kawo na zuba shi a cikon kuɗinta. Da damina ta kusa ƙarewa, muna dawowa daga Ɗan Issa, sai ta fara ƙwanƙwasa daga ciki, ta yi hayaƙi, ta tsaya. Shanu huɗu suka ja ta har ƙofar garajin Kafaran. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai Jakuna, a kawo jakuna?" Na yi dariya da su, amma cikina ba dariya.

Ban san Kafaran ba sai ran nan. Na tarar da dogon mutum, tsohon soja da ake kira da muƙaminsa na kafaran, wato kofur, wanda ya koyi inji a bariki, magana kuma kamar sayen ta yake yi. Ya zagaya motar, ya sa aka juya injin da hannu, ya kara kunne.

Na ce, "Kafaran, nawa za ka gyara mani ita?"

Ya ce, "Sai na buɗe na gani."

Na ce, "Ba ni son hakanga. Mu yi jinga. Ka hwaɗi kuɗɗinka, in hwaɗi nawa, mu tsaya wuri guda."

Ya dube ni ya ce, "Abin da kunnena ya ji, zobba ne da famfon mai. In su ɗai ne, dala dubu huɗu."

Nan na gyara zama, don ciniki gonata ce. Tun hantsi nake tayawa yana cewa albarka, har aka kira azahar. Na yi kamar zan tashi sau uku. Na rantse akwai wani mai gyara a Katsina da zai yi a rabin haka, alhali ban san kowa a Katsina ba sai masu sayar da akumarin jaki. Daga ƙarshe ya gaji ya sallama a dala dubu uku. Na fito ina taƙama na kayar da soja.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma kuskuren manomi ne. Mu in za mu ba da jingar noma, sai mu zagaya gonar da ɗan jinga, ya ga iyakarta, ya ga ciyawarta, ya taka ƙasar ya ji taurinta, sannan a yanka kuɗi. Ba abin da ke ɓoye. Ni kuwa na ɗauki inji, abu rufaffe da ƙusa ashirin, na yi masa jingar gona. Cinikin biri a sama na yi, kuma ni na matsa aka yi shi. Saboda haka, Rabe, in mutum ya zo maka irin zuwana, yana cewa lallai sai ka faɗi kuɗi, kada ka biye masa don ka rabu da surutunsa. Ka yanka masa ladan buɗewa kaɗai. In ka buɗe, ku tsaya ku biyu a kan injin, ka nuna masa da yatsa, sannan ku yi ciniki. Kuma in ka san kuɗin da aka taya ba zai isa ba, ka ce albarka ka tsaya a kanta ko da za a kwana. Sallamar da aka yi don gajiya ita ke haifar da rigima daga baya.

Na yi ciniki, amma ko dala ɗari ba ni da ita. Da na je wurin 'yan uwana da sun haɗa mini wani abu, sai dai zan sha gori, don su ne suka ce kada in sayar da jakuna. Girman kai ya hana ni. Sai na tafi wurin Tanko mai awon gyaɗa, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, kuma tun kakanka yana da rai yake haɗiyar yawu a kan Bakin Tabki. Ya karɓe ni da fara'a har da shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya ce zai ba ni dala dubu uku a kan jinginar gonar, ba ya son ƙarin ko tamma. Sharaɗi ɗaya ne: in ruwan shuka ya sauka ban biya ba, gona ta zama tasa har abada. Na lissafa a raina, cinikin gyaɗa wata huɗu ne ko biyar, mota lafiyayya za ta kawo wannan kuɗi tana wasa. Na ce na yarda, a gaban mai gari da shaidu biyu. Ban gaya wa innarka ba.

Ka ji kuskure na biyu. Jingina a wurinmu ba ta da wa'adi, mai kuɗi ya yi ta noma har ranar da ka samu ka fanshe, ko jikanka ne ya samu. Ni da bakina na yarda aka sa mata rana. Kada ka taɓa sa wa ƙasa rana, Rabe. Kuma duk abin da ka ga kana ɓoye wa matar da ke dafa maka tuwo, ka sake duba shi, yawanci ba don hikima kake ɓoyewa ba.

Na kai wa Kafaran kuɗinsa cif, na zube masa gaba ɗaya kamar wani attajiri, na koma gida girbi. Kwana ashirin da uku ban leƙa garajin ba. Kada ka ce nisa ne, sau biyu na ci kasuwar Maraɗi a cikin kwanakin. Ina zaune a rumfar masu goro ana ce mini mai mota, ina jin daɗi, ina ganin bai kamata mai mota ya je ya tsuguna cikin baƙin mai ba. Da na taka ƙafa sau ɗaya, da na tarar da injin a buɗe, da an yi maganar tun tana ƙarama.

Ana saura kwana biyu a buɗe cinikin gyaɗa na tafi ɗaukar motata. Na tarar da ita tana sheƙi. An shafe ta da sabon fenti kore, an sa mata sababbin fitilu, an sake kujerar direba. Kafaran ya tayar da ita, injin yana tafiya sumul. Har na fara sa masa albarka, sai ya ciro takarda daga aljihu, wadda suke kira faktir, ya fara karantawa. Ya ce da ya buɗe ya tarar babbar sandar da ke juyawa a cikin injin ta tsage, ya aika Kano aka sayo wata, ya biya duwan, wato kuɗin kwastan, a Ɗan Issa. Tankin ruwa ya ruɓe, ya sake shi. Ya ci gaba, fitilu, ƙaho, kujera, fenti. Ya ce duka dala dubu bakwai da ɗari biyar, na ba da dubu uku, saura dubu huɗu da ɗari biyar.

Rabe, ban ji sauran maganarsa ba. Bakin Tabki kawai nake gani, da Tanko a tsaye a tsakiyarta. Tsoro ne ya kama ni, amma da ya zo fita ta bakina sai ya fito a zagi. Na ce jinga jinga ce, ko dala ba zan ƙara ba. Na ce ƙarya yake yi, ba abin da ya sake sai fenti. Na ce masa ɓarawo, har sau biyu, direbobi da masu dako suna tsaye. Ya ninke takardarsa, ya shiga ciki ya ɗauko sarƙa, ya ɗaure ƙafar motar da turken rumfa, ya sa kwaɗo, ya koma aikinsa.

Magana zarar bunu ce. Kafin in yi zagin nan, rigimarmu ta kuɗi ce, kuma kuɗi ana rage shi. Bayan na yi, ta zama ta mutunci. Kwana tara motar ta yi a ɗaure. An buɗe ciniki, motocin mutane suna wucewa ta Ɗan Issa da buhuna har sama, ni ina kwance a zaure ina cewa zazzaɓi nake yi. Za a zage ka a wannan sana'a, ɗana, ba makawa. In mutum ya ji kuɗi ya haukace, ka tuna da ni, ka san ba lallai mugu ba ne, wataƙila tsoro ne ya yi masa yawa. Ka ba shi ruwa ya sha, ka ce ya dawo gobe.

Ran na tara da hantsi innarka ta dawo daga ɗiban ruwa, ta sauke tulu, ta tsaya a bakin zaure.

Ta ce, "Maigida, ashe gona ka jinginar? Matar Tanko ta hwaɗa mani bakin rijiya, tana dariya."

Ina jiran kuka ko faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na gama ta ce, "Ni ban san mota ba. Amma na zo gidan ga na iske baba shina ginar rijiya. In ya kai ga dutsi, mi yake yi?"

Ba ka san kakanka Nomau da ƙarfinsa ba. Rabin rijiyoyin da ke tsakanin nan da garin Sarkin Yamma shi ya gina su. Shi ma jinga yake yi, gaba kaza kuɗi kaza, amma a kan yashi da laka. Ranar da daginsa ya daki dutse, sai ya girgiza igiya a jawo shi. Ya zauna a bakin ramin da ɓarin dutsen a hannu, ya aika a kira mai rijiya, ko yana kasuwar wani gari. Ba zai ƙara sara ko ɗaya ba sai mai ita ya zo ya gani, a yi sabon ciniki, ko ya ce a bar ta a koma wani wuri. Duk maginin da ya fasa dutse bai kira ba, dattawa sukan ce a biya shi abin da ya kashe wajen maƙeri, amma guminsa ƙasa ta sha. Na girma ina riƙe masa igiya, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, amma sai da mace ta tuna mini. Na tashi na wanke fuska, zazzaɓin ya tafi.

Washegari na isa Maraɗi, na wuce wurin sarkin tasha, dattijon da direbobi da masu motoci ke kai wa ƙara. Na gaishe shi na ce ina roƙon a zauna da ni da Kafaran. Aka zauna a gindin bishiyar bedi, mutane suka taru, don kowa ya ji labarin zagin kuma kowa yana son ganin ƙarshensa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, abu guda nike roƙo kamin a yi magana. A shimfiɗa tabarma, a kawo tsohin ƙaruhan da anka cire, in gani."

Gaskiya zan gaya maka, na roƙi haka ne ina sa ran kama shi. Na ɗauka zai kawo uku ya ce sauran sun ɓace. Kafaran ya tashi ya mirgino rabin ganga, ya juye ta a kan tabarma. Ya riƙa karanta takardarsa yana ɗaga ƙarfe ɗaya ɗaya. Ga zobba. Ga famfo. Ga tankin ruwa, ana hango rana ta cikinsa. Ya miƙo mini babbar sandar, ya kama yatsana ya bi da shi ta kan tsagar, har farcena ya shige. Ko ƙusa ɗaya ba ta ɓace ba.

Kunya ta rufe ni. Na san in na bari aka shiga maganar kuɗi da wannan abu a wuyana, ko na ci shari'a ban ci komai ba. Sai na miƙe, na tuɓe takalma, na je gabansa na durƙusa. Na ce, "Kafaran, nan na ce maka ɓarawo, nan kuma nike cewa ƙarya na yi. Kai ba ɓarawo ba ne. Ka yahe mani." An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, to ni wa dogo na durƙusa, wuyana har ya yi ciwo wajen kallon fuskarsa. Ya ce, "Tashi, Mai Jakuna. Ya wuce."

Daga nan na koma kan tabarma na raba ƙarafan kashi uku da hannuna. Na ce kashi na farko, zobba da famfo, su muka ambata ranar jinga, na biya, ba magana. Kashi na biyu, sanda da tankin ruwa, su ne dutse. Ba wanda ya san da su, ni ko shi, kuma mota ba ta tafiya sai da su. Kashi na uku, fitilu da ƙaho da kujera, tsofaffin suna aiki, da an bar su da sun kai ni baɗi. Sannan na ba su labarin kakanka da igiyarsa. Ba wanda ke wurin da bai sha ruwan rijiyar ƙauye ba, na ga kawuna suna gyaɗawa.

Na juya na ce, "Kafaran, da ka iske dutsi, ka girgiza igiya?"

Ya ce, "A soja, in anka ce gyara mota, gyara ta akai. Ba a tambayar kowa."

Na ce, "A soja kuɗɗin gwamnati ne. Wanga kuɗɗi gonar ubana ce."

Ban yi niyyar faɗa ba, fitowa ta yi. Na gaya musu maganar Tanko da ruwan shuka. Kafaran ya dube ni ya ce, "Ka zubo mani kuɗɗi awa mai rumbun kuɗɗi, ka tahi kwana ashirin. Ina zan sani? Da ka hwaɗa mani gona ce, ko fenti ba ni taɓawa." Gaskiyarsa ce, kuma na amsa ta a gaban kowa.

Sarkin tasha ya sa aka bi takardar daki daki. Sanda da tanki da kuɗin duwan sun tashi dala dubu biyu da ɗari biyu, ya ce wannan nawa ne, in biya. Ladan aikin sa su dala ɗari takwas, ya ce wannan Kafaran ya bari, tun da bai kira ba. Kayan kashi na uku da fenti dala dubu ɗaya da ɗari biyar, ya ce a cire sababbin a mayar da tsofaffin, Kafaran ya sayar wa wanda ya tambaya. Fenti kuwa ba ya ciruwa, Kafaran ya ce ya ba ni kyauta. Mutane suka yi dariya, wani ya ce yau an yi wa mota shari'ar rijiya.

Saura inda zan samo dubu biyu da ɗari biyu. Na ce ba ni da su, kuma in motar ta ci gaba da zama a ɗaure ba ranar da zan same su. Na roƙi in riƙa ba da dala ɗari duk dawowa daga Kano, in cike kafin a rufe ciniki. Kafaran ya ciro mabuɗi ya kwance sarƙa da kansa. Na tabbata da ban durƙusa ba da bai yarda ba, ko sarkin tasha ya ce ya yarda.

Ka ga yadda aka warware ta, kuma haka za ka warware taka in ta taso. Kada ku yi gardama a kan jimla, jimla ba ta da kai ba ta da gindi. Ku zube kayan a ƙasa ku rarraba, abin da aka ambata, abin da ya zama dole, da abin da zai iya jira. Kuma kada ka yar da tsohon ƙarfen mutum ko na ƙusa ne, ka ajiye masa har ya zo. Rabin gangar nan ita ta wanke Kafaran, ba rantsuwa ba.

Mun yi aiki a ranin nan kamar ba gobe. Na bar zaman rumfar goro, na riƙa hawa bisa buhuna ina bin motar da kaina. Duk dawowa sai mu tsaya garaji in ajiye dala ɗari, Kafaran kuwa ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaure abin da ya kwance, bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba. Yakan ce kuɗinsa ne ke bisa hanya, dole ya lura da su. Amma kwana taran nan da na kwanta a zaure sun bi ni bashi. Da aka rufe ciniki, na biya mai da taya da direba, abin da ya rage a hannuna dala dubu uku ne cif. Tanko yana bi na dubu uku, Kafaran yana bi na ɗari huɗu, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na yi ta juya abin a raina. Alkawarin Kafaran shi ne wa'adinsa ya fara cika, kuma a gaban mutane na ɗauka. Na ƙirga ɗari huɗu na kai masa. Ya karɓa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Na gona sun cika?"

Na ce, "Saura ɗari huɗu."

Ya kama hannuna ya mayar da su ciki. Ya ce, "Ka kai ma Tanko. Ni ruwa ba ya cin nawa."

Na mayar da kuɗin aljihu na kama hanyar gida. Daga baya na biya shi da dakon fatu da kanwa, kafin a yi noman farko.

Da safe na tara mai gari da shaidun nan biyu a ƙofar gidan Tanko. Na shimfiɗa mayafi na ƙirga masa dala dubu uku a hankali, ina ɗaga murya a kan kowace ɗari, don in ji daɗin abina. Fuskarsa ta yi kamar ya tauna maɗaci. Ashe tun da ya ji an ɗaure motar da sarƙa ya tabbata gona ta zama tasa. Ya yi jinga da Fulani suka kwana da shanunsu a Bakin Tabki rani guda, yana ba su gero, har taki ya rufe ƙasa. Da ya gama ƙirga sai ya ce, to, a biya shi geron da ya ba Fulani.

Rabe, a rayuwata ban taɓa jin daɗin tambaya kamar wannan ba. Na gyara hula na ce, "Tanko, da za ka zuba takin, ka kira ni?"

Mai gari ya riga ya ji labarin tasha, ya rufe baki da hannun riga yana ɓoye dariya. Shaidu ba su rufe ba. Tanko ya tattara kuɗinsa ya shige gida. Bayan kwana biyu ruwan shuka ya sauka, ni da innarka da ƙannenka muka shuka gonarmu a kan takin Tanko. Geron shekarar ban taɓa ganin irinsa ba, sai da na gina sabon rumbu. Na aika masa da dami biyu, rabi saboda Allah, rabi don ya ji haushi. Allah ya yafe mini rabi na biyun.

To, ka ji abin da ya sa da ka ce kana son koyon gyara ban kai ka wurin kowa ba sai Kafaran. Ka kuma gane abin da ya sa yake tsayar da aiki ya aika kiran mai mota, ko da motar za ta kwana uku a buɗe, abin da na ji kana gunaguni a kansa kana cewa ɓata lokaci ne. Dala ɗari takwas ya biya ya koyi wannan, kai ka same shi kyauta.

A Damagaram ba wanda ya san ubanka, ba wanda zai ɗaga maka ƙafa. Za su zo maka da manyan riguna suna cika baki, suna zubo kuɗi kamar ba su san zafinsu ba. Kada rigar ta ruɗe ka. Duk motar da aka turo ƙofar rumfarka, ka ɗauka akwai gonar wani a bayanta, ko saniyar uwarsa, ko kayan ɗakin matarsa, kuma ba zai gaya maka ba. In ka buɗe ka tarar da abin da ba ku yi magana a kansa ba, ka ajiye kayan aiki, ka wanke hannu, ka aika a kira shi. In ya zo ya ce ba shi da hali, ka nuna masa abin da zai iya jira. Za ka yi asarar wuni, wani lokaci ka yi asarar aikin ma. Amma ba za a taɓa raba wani da gadon ubansa ta hannunka ba, kuma wannan ya fi mini duk abin da za ka aiko gida.

Innarka tana sa maka albarka. Bakin Tabki tana hannunmu, ba mai ko taki ɗaya a cikinta sai ku. In aiki ya karɓe ka, ka zo da kaka ka ci sabon gero. In ya ƙi, kada kunya ta riƙe ka a garin mutane kamar yadda ta kwantar da ni a zaure, ka zo ka ɗauki hauya, wurinka yana nan.

Allah ya tsare yatsunka daga ƙarfe, ya tsare bakinka daga abin da za ka durƙusa a kansa, ya sa abincinka ya zama na halal. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai muna da rai. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isiyaka Mai Jakuna, Madarumfa.